Leda A Cikin Takin Gona

Tun zamanin kakanni manoman karkarar Kano ke kwasar sharar birni a kan jakuna suna zubawa a gonakinsu, shi ya sa ƙasar ba ta gaji ba ko da yake ana nomanta kowace damina. Amma sharar da ake kwasa a da toka ce da kashin dabbobi da ɓawon hatsi. Ta yanzu kuwa cike take da leda, musamman ta ruwan sha.

Leda ba ta ruɓewa. Rana da garma su ke yayyaga ta har ta zama ɓarɓashin da ido ba ya gani, ta gauraya da ƙasa. A cikin ƙasar nan akwai ƙwayoyin halitta iri dubbai, waɗanda ke mai da taki abincin shuka. Wasunsu ne ke zaune a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa suna ƙara wa gona ƙarfi. Masana a Jami'ar Freie ta Berlin, a Jamus, sun nuna a 2018 cewa ɓarɓashin leda yana sauya yadda ƙasa ke dunƙulewa da riƙe ruwa, yana kuma sauya aikin ƙwayoyin. Ba duka yake kashe su ba. Wasu iri su yawaita, wasu su ragu, gwargwadon irin ledar da irin ƙasar. Manomi kuwa ba zai ga wannan ba, sai dai ya ɗora laifin a kan damina.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa aikin gona ya ci tan miliyan 12.5 na roba a 2019. Ruwanda ta hana jakar leda tun 2008, Kenya ta biyo baya a 2017. Jihar Ikko ta hana kwanon abinci na kumfa a 2024, amma ledar ruwa tana nan.

Wannan magana ta shafi mutanen Arewa mazauna Agege da Sabon Badun, domin da yawansu ke aika kuɗin taki gida, wasu kuma suna lambu a gefen biranen Kudu da sharar bola. Ya kamata mai aika kuɗi ya ƙara da ladan yaran da za su tsince leda tun shara tana tsibi, kafin a baje ta. Ƙonawa ba magani ba ce, gama hayaƙin guba ne. Lalle ne kuma ƙananan hukumomi su ware leda a juji kafin a loda wa manomi mota.