Ƙadangare mai gemu: darasin katangun Obi ga masu son haɗa biyu a keji ɗaya

Kiwon dabbobin ado a manyan biranen Najeriya ya wuce kyanwa da aku da tantabara. Cikin baƙin halittun da ake tallatawa a shafukan sada zumunta har da ƙadangare mai gemu, ɗan asalin busassun yankunan tsakiyar Ostareliya, wanda masana ke kira Pogona vitticeps. Tsawonsa har wutsiya yakan kai santimita 60, yana da sanyin hali a hannun mutum, kuma idan ya samu kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 15. Mai saye yakan tambaya ko ya ɗauki biyu don su riƙa ɗebe wa juna kewa, mai sayarwa kuwa ba shi da dalilin hana shi. Amsar da ta dace ita ce kowanne ya zauna a kejinsa shi kaɗai, kuma hujjar hakan tana nan a kan katangun garuruwa irin su Obi, kudu maso gabashin Lafiya a Jihar Nasarawa.

Duk wanda ya zauna a wani tsakar gida a Obi ko Agwatashi ko Daddere da hantsi ya san yadda ƙadangaru ke cika katanga da jikin rumbu da gindin mangwaro. Jan gwada na can bisa wuri mafi tudu, kansa ja, jikinsa shuɗi mai duhu, yana gyaɗa kai. Mata da ƙanana na warwatse a ƙasa da shi. Da ganin farko sai a ce zaman lafiya ne ake yi. Wannan ƙadangaren na gida da mai gemu dangi ɗaya ne a wurin masana, dangin da ake kira Agamidae, shi ya sa mutum zai iya cewa tunda na gida suna zama jingim, baƙon ma zai zauna da ɗan'uwansa.

Sai dai an daɗe da nazarin wannan zama. Vernon Harris, wanda ya bibiyi rayuwar ƙadangaren gida a Ibadan ya kuma wallafa littafi a kai a 1964, ya nuna cewa kowane jan gwada yana da yankin da yake mulki, da matansa da ƙananan mazan da suka yi masa mubaya'a. Idan wani ƙaƙƙarfan namiji ya ƙetara iyaka, sai a tsaya gefe da gefe ana bulala da wutsiya har ɗaya ya karaya. Abin da ke hana faɗan zama kisa shi ne wanda aka fi ƙarfi yana da inda zai gudu. Akwai tsagar katanga, akwai tarin itace, akwai gidan maƙwabta, akwai wata rana a wani dutsen. Kejin gilashi mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Wanda aka kayar da safe zai wuni yana kallon wanda ya kayar da shi, ya kwana kusa da shi, gobe ma haka.

Mai gemu kuma ya fi na gida son kaɗaici. A dajin Ostareliya kowanne harkarsa yake yi, ba sa neman juna sai lokacin barbara. Uwa takan haƙa rami ta zuba ƙwai ta rufe ta tafi, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su kama gabansu. Kewa da ake jin tsoron za ta dame shi tunani ne na ɗan Adam da aka ɗora wa dabbar da ba a halicce ta a kan zaman garke ba.

Babbar matsalar ita ce alamun wahalarsa sun yi kama da alamun ƙauna a idon wanda bai sani ba. Hoton da ya fi jan hankalin masu saye shi ne na ɗaya kwance a bayan ɗaya ƙarƙashin fitila. Na saman ya tare wa na ƙasan zafi da haske ne. Wannan dabba ba ta samar wa jikinta ɗumi. Tana bukatar wurin shan zafi da ya kai kimanin digiri 40 kafin abinci ya narke mata, tana kuma bukatar wani nau'in hasken rana, ko fitilar da ke kwaikwayonsa, kafin jikinta ya iya amfani da sinadarin kalsiyam. Wanda ake danne wa kullum sai ƙashinsa ya yi laushi, muƙamuƙinsa ya lanƙwashe, ƙafafunsa su riƙa rawa. Haka nan ɗaga hannu a hankali da ƙarami ke yi, wanda yara ke ɗauka gaisuwa ce, yawanci miƙa wuya ne ga wanda ya fi shi. Baƙin gemu da saurin gyaɗa kai kuwa gargaɗi ne. Ƙadangare ba ya kuka, ba ya haushi, don haka mai gida kan farga ne bayan ɗaya ya rame ko ya rasa yatsa. Yatsa ko wutsiyar da aka cije kuma ba ta sake tsirowa a jikin mai gemu, saɓanin wutsiyar tsaka.

Duk yadda aka juya haɗin, akwai haɗarinsa. Maza biyu za su yi faɗa, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Namiji da mace, namijin zai matsa mata da barbara yana cizon wuyanta, ita kuma ta yi ta zuba ƙwai, sau da yawa kusan 20 a lokaci guda kuma fiye da sau ɗaya a shekara, har kalsiyam ɗin jikinta ya ƙare ko ƙwai ya maƙale mata. Babba da ƙarami, babban na iya haɗiye ƙaramin. Mata biyu masu girma ɗaya su ne suka fi daɗewa ba a ga jini ba, amma a nan ma ɗaya ce ke riga cin abinci da kama wurin zafi. Ƙari a kan haka, da wuya a tantance jinsinsu suna ƙanana, don haka wanda aka sayar wa “mata biyu” na iya wayar gari da maza biyu bayan 'yan watanni.

Sai batun cuta. Ƙwayoyin cutar hanji da wata ƙwayar cuta mai suna adenobairos suna yaɗuwa tsakaninsu ta hanyar kashi, kuma a keji ɗaya ba a iya gane wanda ya daina ci ko wanda cikinsa ya ɓaci. Mutanen gida ma ba su tsira ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta danganta ɓarkewar cutar salmonela da ta kama mutum 166 a jihohi 36 tsakanin 2012 da 2014 da kiwon wannan ƙadangare, kuma ƙananan yara ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu. Dabba biyu a wuri ɗaya ƙazanta biyu ke nan, a gidan da yara ke rarrafe.

Masu ra'ayin haɗawa suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Wasu za su ce sun haɗa nasu shekaru ba abin da ya faru. Hakan na yiwuwa, musamman a wuri mai faɗi sosai da wuraren shan zafi da na ɓuya da yawa, irin wanda ƙwararru ke tanada tare da keji na biyu a gefe don ranar da zama ya ɓaci. Amma rashin ganin rauni bai tabbatar da lafiya ba, kuma cizo ɗaya ya isa ya raba dabba da ƙafarta. Wasu kuma za su kawo binciken da Anna Wilkinson da abokan aikinta suka yi a Jami'ar Lincoln ta Ingila, inda aka ga mai gemu ya koyi buɗe ƙofar waya ta hanyar kallon yadda wani ya buɗe. Binciken ya tabbatar da cewa dabbar na lura da 'yar'uwarta ƙwarai. Wannan lura ɗin ce ke mayar da zaman keji ɗaya azaba ga mai rauni, tunda ba ya samun sa'a guda da zai manta da wanda ke kansa.

Yanayin wannan yanki yana ƙara wa lamarin nauyi. Daminar Lafiya da Obi, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, tana zuwa da laimar da ta fi ƙarfin dabbar hamada. Wutar lantarkin da fitilun kejin suka dogara da ita ba ta da tabbas a Nasarawa ko a unguwannin Abuja. Likitocin dabbobi a nan sun fi gogewa da shanu da awaki da kaji, domin su ne dukiyar jama'a. Ga kuma tsarin rayuwar ma'aikacin tarayya: Litinin zuwa Juma'a yana Abuja, iyali na Lafiya ko Obi, kejin na hannun yara ko maigadi. Haka ma hadimin da maigidansa ya aika ya sayo wa 'ya'ya abin wasa. Shi za a tuhuma ranar da aka tarar da ɗaya a mace. Gara ya faɗi gaskiya tun a wurin saye: in biyu ake so, to keji biyu, fitilu biyu, kuɗin abinci biyu. Ƙungiyar kare dabbobi ta Birtaniya, RSPCA, ta ba da shawarar kejin babba ɗaya kada ya gaza santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsaye.

Akwai haƙƙi a cikin wannan magana. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta haramta azabtar da dabbar gida da ta dajin da aka tsare, kuma sanannen hadisin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu ya isa tunatarwa cewa wanda ya hana dabba 'yancinta ya ɗauki nauyin rayuwarta. Hukumomi ma suna da rawar takawa. Ostareliya ta haramta fitar da irin waɗannan dabbobi da rai don kasuwanci, saboda haka duk wanda ake sayarwa a nan ya kamata ya zo da bayanin inda aka haife shi da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS. Ya dace hukumar, tare da ƙungiyar likitocin dabbobi, su fitar da taƙaitaccen bayani cikin Hausa da sauran harsuna, a wajabta wa masu sayarwa miƙa shi ga kowane mai saye.

Wanda ya riga ya haɗa biyu ya raba su yau, ya jera kejin yadda ba za su riƙa hango juna ba, ya auna nauyin kowanne lokaci zuwa lokaci. Kada ya kamo ƙadangaren katanga ya jefa ciki da sunan aboki, domin zai shigo da tsutsotsin cikinsa, ƙarshenta kuma ɗaya ya ji wa ɗaya. Kada kuma ya saki wanda ya gaji da shi a bayan gida. Wanda aljihunsa bai kai keji biyu ba ya tsaya a ɗaya. Wanda bai kai ko ɗaya ba, jan gwadan katangar gidansu na nan kowace safiya, kallonsa kyauta ne, kuma ba ya bukatar janareta.