GIGIN TSUFA: JARRABAWAR DA KE JIRAN MATASA A CIKIN GIDA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Duk mai sauraron rediyo ko halartar masallacin Juma'a ya saba jin irin wannan cigiyar: wani dattijo ya fita tun da hantsi sanye da farar riga, har yau bai dawo ba, kuma ba ya iya faɗin sunan unguwarsu. Jama'a su ce Allah Ya bayyana shi, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi me ya sa mutumin da ya shekara hamsin yana bin lungu ɗaya zuwa masallaci ya wayi gari bai san hanyar gidansa ba, ko kuma wane hali iyalinsa suke ciki tun kafin ranar da ya ɓata.

Abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsufa kaɗai ba ya kawo shi, domin ga tsofaffi nan da suka haura shekara 90 da hankalinsu garau. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, sai tunani da magana da sanin wuri da lokaci su riƙa zubewa. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus mai suna Alzheimer ya bayyana a 1906, ake kuma kiran ciwon da sunansa. Wani nau'in yana biyo bayan toshewar jijiyoyin jini da shanyewar ɓarin jiki, abin da hawan jini da ciwon suga ke jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ciwon, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu tasowa, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa kowace shekara. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda wasu ke zato.

A cikin gida abin yakan faro da ƙaramar mantuwa. Baba ya sallaci la'asar, jim kaɗan ya sake neman buta. Inna ta ci tuwonta ta wanke hannu, baƙo na shigowa ta ce tun jiya ba a ba ta abinci ba. Ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta, sannan ta rantse matar ɗanta ce ta sace. Tsoho ya riƙa kiran matarsa da ta rasu shekara goma, ko ya kalli ɗan cikinsa ya tambaye shi daga wane gari yake. Da yawansu rikicewar takan tsananta da almuru, sai mutane su ce ai lokacin fitowar aljanu ne. Daga ƙarshe sai an ciyar da mutum, an yi masa wanka, an kwashe masa bayan gida.

Wahalar farko ta mai ciwon ce, domin a farkon lamarin yana sane da cewa wani abu na kufce masa, yana jin tsoro da kunya. Amma jahilci yana ɗora masa wata wahalar a kai. Idan ya fita ya ɓata, a ce an yi masa kurciya. Idan tsohuwa ta yi sambatu ta ambaci wanda ya mutu, ko aka tsince ta cikin dare a wata unguwa ba ɗankwali, sai a ce mayya ce ta tona kanta, yara su bi ta da jifa, manya su tsaya kallo. Wasu gidajen a kulle tsoho a ɗaki ko a ɗaure masa ƙafa don gudun abin kunya. Wasu kuma, wal'iyazu billah, su lallaɓa shi ya dangwala hannu a takardar sayar da gida ko gona. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma sau da yawa matasa ne ke kan gaba wajen jifan da ihun.

Wahala ta biyu ta masu jinya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in da ake kashewa wajen kula da waɗannan bayin Allah mata ne ke ɗaukarsu. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike a ƙasar Hausa. Matar ɗa ko 'yar da ta dawo gida ita ke kwana ido biyu, ita ke wankin tsumma, ita kuma ke shan zagi da ƙazafin sata daga bakin wanda take yi wa hidima. Aure nawa ya mutu saboda miji ya gaskata ƙarar da mahaifiyarsa ta kawo, alhali ciwo ne ke magana a bakinta? Shi kuwa ɗan sai ya leƙo da safe ya gaisa, ya ajiye kuɗin cefane, ya tafi shago ko wajen karatu da taro, yana ganin ya sauke nauyi.

Musulmi bai da uzurin jahiltar wannan lamari. Alƙur'ani ya ambaci halin da mutum kan koma a ƙarshen rayuwa har iliminsa ya gushe, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya kuma yi umurni a Suratul Isra'i da a tausasa wa iyaye musamman idan tsufa ya riske su. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa hankali sharaɗi ne na hawa kan hukunci. Wanda hankalinsa ya gushe ba a tuhumarsa da salla ko azumi, cinikinsa da kyautarsa ba su inganta, zaginsa kuma ba abin riƙewa ba ne. To idan Shari'a ta ɗauke masa nauyi, nauyin bai ɓace ba, ya koma wuyan 'ya'yansa ne. Ɗan uwan da ke iya tsayuwar dare a masallaci da doguwar tafiya don neman ilimi, amma yake ƙyamar wanke wa mahaifinsa jiki, lallai ya sake duba fahimtarsa ta addini.

Abin yi a bayyane yake. Da farko a kai mai ciwon asibiti, domin akwai cututtukan da ke kama da gigin tsufa kuma ana warkewa daga gare su, kamar ƙarancin wasu sinadarai a jiki, ciwon damuwa, zazzaɓi mai tsanani ko illar wani magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, ban da asibitocin koyarwa. Shi ainihin ciwon har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba, sai dai na sassautawa, saboda haka duk bokan da ya yi alƙawarin waraka kuɗi kawai zai ci. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa wajen likita.

Sannan a daina musu da mai ciwon. Idan ya maimaita tambaya sau goma a amsa masa sau goma. A sa takarda mai sunansa da unguwarsu da lambar waya a aljihunsa, a sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da yake ciki. A kawar da wuta da wuƙa da magunguna daga inda hannunsa zai kai, a rufe bakin rijiya. 'Ya'ya maza su raba kwana a tsakaninsu don matan gida su samu barci. Iyayen da ke da sauran lafiya kuma a riƙa kai su awon jini da suga, domin kiyaye waɗannan na rage haɗarin.

Hukuma ma tana da nata alhakin. A 2023 ne Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga 'yan mulkin mallaka. Amma doka a takarda ba ta sayen magani, kuma talaka shi ke ɗaukar kuɗin jinya daga aljihunsa. Wannan abin a yi ta faɗa ne har a ji. Sai dai ba wanda zai jira gwamnati kafin ya hana yaran unguwarsu jifan tsohuwa, ko ya karɓi matarsa ko ƙanwarsa jinyar dare ɗaya.

Duk ɗan uwan da ya karanta wannan, idan ya koma gida yau ya fara shiga ɗakin tsohonsa kafin ko'ina, ya zauna da shi ko da bai gane shi ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya sa a gama da iyaye lafiya.