Ganyen ado ne zai sayi dizal

Sau uku ina sayen tsiron nan da masu lambun fulawa ke kira fan, sau uku hunturun Kano yana ƙone mini shi. Ganye ne zalla, dogaye masu tsaga-tsaga kamar jelar zakara. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba a miya da shi. Ranar da na shigo da na ukun, uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kuɗin cefane kake ratayewa a baranda?" Ban tanka ba, don ba ta yi ƙarya ba. Duk da haka wannan ganyen nake so in tsaya wa a yau.

Irin da ya cika kasuwar duniya shi ne fan ɗin Boston, wanda aka tsinta a 1894 cikin kayan tsirrai da aka aika daga Filadelfiya zuwa Boston a Amurka. Danginsa na daji suna yaɗuwa ne da wata ƙura da ke fita daga ɗigo-ɗigon bayan ganye. Shi kuwa ba a dogara da ƙurarsa, sai dai a jira ya miƙo siririn yaɗo, yaɗon ya taɓa ƙasa ya yi saiwa, a yanke a dasa. Mai neman dubbai ba zai iya wannan jira ba, shi ya sa tun shekarun 1970 masu lambu a can suka koma rainon tsiro a kwalba.

Na ga yadda ake yi da idona, a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a inda ɗan ƙanena ke aiki. Ya yanko kan yaɗo, ɗan mitsitsi, ya wanke shi a ruwan bilic, ya ɗauraye da dafaffen ruwa har sau uku. Yana zaune gaban wani akwati mai huro tatacciyar iska, ya gasa hantsaki a wuta, ya ɗora ɗan yankin a kan wani abu mai kama da kokon da ya kwana, a gindin kwalba. Abincin tsiron ke nan: sukari giram 30 a kowace lita, da haɗin gishirin da Murashige da Skoog suka fitar a 1962 suna bincike kan taba, da sinadarin da ke sa tofo. An riga an turara shi a zafin digiri 121 don kada ƙwayar cuta ko ɗaya ta tsira. Na buɗe baki zan yi tambaya, ya ɗaga mini hannu. "Kawu, ja baya kaɗan, numfashinka ma funfuna ne a nan."

Bayan 'yan makonni sai ɗan yankin ya zama curin tofo, a rarraba shi a sababbin kwalabe. A ce kowane curi ya ba da biyar duk mako shida. Kafin shekara ta zagayo an yi zagaye takwas, ɗaya ya haifi 390,625, a takarda dai.

Na ce a takarda, domin da na koma bayan wasu watanni, ɗakin shiru yake kamar gidan makoki. An ɗauke wuta kwana da kwanaki, janareta ba mai, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Tsiron da ke son digiri 25 da hasken awa 16 ya kwana a zafin bazara cikin duhu. Kwalabe jere a kanta, wasu sun yi baƙi, wasu funfuna ta yi musu farin gemu. Na tambayi yaron me ya faru, ya ce, "Kuɗin aikin ne ya ƙare, Kawu."

Nan gizo ke saƙar. Ilimin muna da shi, masu hannun ma akwai su. Abin da irin wannan ɗaki ya rasa shi ne mai saye, wanda zai zo da kuɗinsa kowane wata. Ɗakin da ke rayuwa da tallafi yakan mutu ranar da tallafin ya yanke, alhali tsiron kwalba bai san an rufe kasafin kuɗi ba.

Na san abin da za a ce: ana fama da tsadar abinci, wa ke ta ganyen ado? Ni ma dabino nake so a raina mana a kwalba. Wanda ya shuka ƙwallon dabino, kusan rabi maza za su fito masa, kuma ba zai gane ba sai ya yi shekaru yana ban ruwa. 'Ya'yan gindi kuwa ba su da yawa. Manoman citta na Kudancin Kaduna, waɗanda cuta ta kwantar wa gonaki a 2023, iri mai tsabta suke nema ido rufe. Haka masu dankalin Turawa a Filato. Cibiyar IITA ta Ibadan ta daɗe tana yin wannan aiki da ayaba da doya da rogo, ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Sai dai dabino ba wurin koyon aski ba ne. Yakan ci shekaru tsakanin kwalba da gona, kuma in an yi kuskure, sai bishiya ta isa haihuwa ake gani. Masu kwakwar manja a Malesiya sun ɗanɗana a shekarun 1980, lokacin da itatuwan da aka fitar daga kwalba suka girma suka yi ta ba da gurɓatattun 'ya'ya. Fan kuwa cikin watanni yake isa kasuwa, kuskurensa a ganye yake nan take, kuma otal-otal da bankuna da manyan gidajen Abuja suna saye. Hannun da ya saba yanka yaɗon fan ba tare da ya shigar da funfuna ba, shi ne dai zai yanka tofon citta. Garin Apopka na jihar Fulorida da fan ya fara, har ana yi masa laƙabi da shi, kafin ya zama cibiyar tsirran cikin gida.

Ban ce kasuwar ado za ta ɗauki dukan nauyin ba, ba ta kai haka girma ba. Amma in ta sayi dizal, ko ta biya batirin sola, ta yi abin da takardun neman tallafi suka kasa. A bar ɗakunan gwaje-gwaje su sayar, su riƙe cinikin a hannunsu. Kuma ba sai mai digiri zai ci abinci a nan ba: tsiron da ya fito daga kwalba bakwaini ne, iska kaɗan ke busar da shi, sai an yi makonni ana lallaɓa shi a rumfar raga ana fesa masa ruwa. Wannan aikin masu lambun bakin titi ne, musamman a Jos inda sanyi ke taya su.

Na sayo na huɗu watan jiya. Wannan karon gefen randa na ajiye shi, inda ƙasa ba ta bushewa. Uwargida ba ta ce komai ba, amma shekaranjiya da asuba na hango ta tana juye masa ragowar ruwan buta.