Kafin yaro ya tafi karatun shari'a, mu koya masa tambayar "ina hujja?"

Bara ɗan ƙanena ya ci jarrabawar Bak, ya samu gurbin karatun shari'a a Jami'ar Tawa. Da ya dawo Badaguishiri hutu, na tarar da shi jiki a sanyaye. Ya ce, "Baba, darasi na haddace shi kaf. Amma sai a kawo mana labarin rikicin mutum biyu, a ce mu faɗi wanda doka ta ba gaskiya, mu kawo dalili. Nan nake tsayawa cik."

Ban ga laifinsa ba. Na daɗe ina riƙe da alli, kuma na san yadda muke yi: mu rubuta a allo, yaro ya kwafe, ranar jarrabawa ya mayar mana da kayanmu, mu ba shi maki. Ko darasin falsafa na ajin ƙarshe, wanda aka sa don a koyi tunani, yara da yawa haddarsa suke yi. Ra'ayina shi ne auna magana darasi ne da ya kamata a fara tun daga firamare da tsakar gida, kada a jira jami'a.

A Amurka da Kanada akwai jarrabawar LSAT da masu neman shiga makarantar lauyoyi ke rubutawa. Ba ta tambayar ko ayar doka ɗaya. Ana ba ɗalibi 'yar gajeruwar magana, a ce ya nuna abin da mai maganar ke son tabbatarwa, da hujjar da ya dogara a kai, da inda ta yi rauni. Tun watan Agustan 2024, kashi biyu cikin ukun da ake ba maki a kansu irin wannan tambaya ce. Yaranmu ba sa rubuta ta, amma abin da take nema shi kotu ke nema, a Illela ko a Yamai.

Abu na farko shi ne gano zaton da aka ɓoye. Wani ya ce, "Albasa ta yi tsada bana, ke nan manoman Galmi sun samu kuɗi." Maganar ta yi daɗin ji, amma ta tsaya ne kan zaton cewa albasar na hannun manomi lokacin da ta yi tsada. In ya sayar da ita da kaka, tana araha, don ya biya bashin taki, ribar ta tafi ga wanda ya saya ya ajiye. Da an taɓa zaton, maganar ta rushe.

Na biyu, bambanci tsakanin sharaɗi da abin da ya wadatar. Kowane ɗan makarantar allo ya san ba a salla sai da tsarki, kuma ya san mai alwala ba lalle ne ya yi salla ba. Haka ganin mutum a kasuwa ranar da aka sace rago. In ba ya wurin, ba shi ya kwance ragon ba. Amma kasancewarsa a wurin bai isa a ɗaure shi ba, don ɗaruruwa sun ci kasuwar ran nan.

Na uku, abin da ya biyo bayan wani abu ba dole ne shi ya haddasa shi ba. "Tun da baƙuwar nan ta tare a unguwa awakinmu ke mutuwa." Wa ya tambaya ko an shigo da akuya mai ciwo daga kasuwa a makon? Da irin wannan tunani ake jefa wa tsohuwa maita, a raba zumunci. Yaron da ya tashi da shi, in ya zama alƙali ko jandarma, wani zai kwana a kaso ba da haƙƙinsa ba.

Wasu iyaye za su ce wannan ilmin Nasara ne, kuma yana koya wa yaro jayayya da manya. A kan na farko, Ahalarin da yaranmu ke karantawa don sanin tsarki da salla, mawallafinsa Shehu Abdurrahman al-Ahdari na ƙarni na 16 shi ya wallafa Sullam, littafin ilmin manɗiƙi da malaman zaure suka sani. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare wannan ilmi a lokacin da Imam Suyuɗi na Masar ke hana shi. Gadonmu ne muka bari ya yi ƙura.

A kan na biyu, tsoron iyaye na da tushe, don mun ga 'yan lakwal masu ɗaga wa uba murya da sunan wayewa. Sai dai rashin kunya a murya da fuska yake. Yaro na iya durƙusawa ya ce, "Baba, me ya sa haka?" kuma bai zubar da ladabi ba. Wanda aka hana tambaya a gida shi ke haɗiye duk saƙon da aka turo masa a WhatsApp.

Roƙona ga 'yan uwana malamai: minti goma a mako ya isa a fara. A rubuta magana ɗaya da aka ji a rediyo ko a kasuwa, a tambayi aji: me ake son mu yarda da shi? Ina hujja? Me zai iya ƙaryata ta? A ba da maki ga wanda ya kawo dalili, ko da ya saɓa wa ra'ayin malami. Iyaye kuma, in yara suka kawo ƙara, a saurari kowa, a tambayi wanda ya gani da ido kafin a ɗauki bulala.

Ni dai na fara da ɗan ƙanena kafin hutunsa ya ƙare. Kowace yamma mukan ɗauki magana ɗaya mu warware ta, kuma sau biyu ya kama ni da zaton da ban san na ɓoye ba.