Kafin Ka Sa Waya a Haƙoranka, Duba Aikin da Ke Bakinka

'Yan'uwana ɗalibai, wani yayi ya shigo wa matasan Gombe, wato sa waya a haƙora. Daga unguwarmu ta Madaki zuwa Tudun Wada da Pantami, za ka ga budurwa ko saurayi sun yi murmushi ƙarfe na walƙiya a bakinsu, wani da ƙananan robobi shuɗaye, wata da ruwan hoda. Wasu likita ne ya sa musu domin a daidaita haƙoran da suka hau juna ko suka turo waje. Wasu kuwa ado ne kawai, a shago aka manna musu. Ni ba na adawa da gyaran haƙori. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake rugawa a ɗaure baki da waya ba tare da an tambayi wane aiki aka taɓa yi a bakin ba. Da yawanmu mun kai shekara ashirin da ciko a turmi, ko haƙorin roba, ko haƙorin Makka, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana canza lissafin.

Bari mu fara da yadda wayar take aiki, don in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Haƙori ba a kafe yake a ƙashin muƙamuƙi kamar ƙusa a katako ba. Akwai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe saiwarsa a cikin gurbinta. Idan waya ta danna haƙori a hankali, ƙashin da ke gefen da ake dannawa yakan narke kaɗan-kaɗan, a ɗaya gefen kuma sabon ƙashi ya ginu. Da haka haƙori ke tafiya, kimanin milimita 1 a wata. Shi ya sa aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma sai an riƙa komawa wurin likita duk bayan mako 4 zuwa 8 yana ƙara ɗaurewa. Su kuma ƙananan ƙarafan da wayar ke ratsawa, manna su ake yi. A 1955 wani likita a Amurka, Michael Buonocore, ya nuna cewa idan aka shafa wa farin ɓawon haƙori ɗan ruwan asid, yakan yi kaushi yadda gam zai kama shi. To ga inda gizo ke saƙar: wannan dabara ta ɓawon haƙori na asali ce. Zinariya da tangaran da azurfa ba sa jin ta.

Mai ƙaramin ciko a saman turmi ba shi da babbar damuwa, domin ƙarfen a gefen haƙori ake manna shi, ba ya taɓa cikon. Haka wanda aka cire wa jijiyar haƙori aka cike ramin, haƙorinsa zai iya tafiya kamar sauran, muddin ciwon ya warke sarai, tunda zaruruwan nan suna nan. Ko mai hular tangaran, wato wanda aka rufe masa haƙori gaba ɗaya da kwanso, ana iya sa masa waya. Sai dai likita zai nemi wani sinadari na daban don gam ya kama, kuma ranar ɓamɓarewa tangaran na iya tsagewa ko ya dushe. Ya kamata a gaya wa mutum wannan tun ranar farko, ya san cewa wataƙila akwai kuɗin sabuwar hula a bayan kuɗin waya.

Masu wuya su ne biyu. Na farko gada, inda aka cike giɓi da haƙorin roba ko na tangaran aka haɗe shi da maƙwabtansa biyu. Haƙora uku sun zama abu guda, ba za a iya jan ɗaya a bar biyu ba, sai dai a yanka gadar ko a bar wurin yadda yake. Na biyu dashe, wato ƙarfen da ake murɗawa cikin ƙashi a ɗora masa haƙori, dabarar da wani likitan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya fara yi wa mutum a 1965. Shi dashe ƙashi ne ke kama shi kai tsaye, ba shi da zaruruwa, don haka ko shekara goma aka yi ana ja ba zai motsa ba. Wanda yake da giɓi kuma yana da niyyar sa waya, in ya riga ya yi dashe, ya kafa turke a tsakiyar hanya, sauran haƙora sai dai su zagaye shi. Waya ce ya kamata ta riga, dashe ya biyo baya.

Yanzu ga namu na gida, haƙorin Makka. Sau da yawa hula ce ta zinariya ko azurfa da ake ɗora wa lafiyayyen haƙori, shaidar an sauke farali. A yau ba tsofaffi kaɗai ke da shi ba, akwai 'yammata da matan aure sa'o'inmu da suka je Umara suka dawo da shi. A idon likita kwanson ƙarfe ne wanda gam ba ya kamawa sosai, sai an kankare fuskarsa ko a zagaye shi da zoben ƙarfe, ko kuma a cire shi. A idon Hajiya kuwa ba ƙarfe ba ne, tafiya ce da aka yi shekaru ana tara mata kuɗi. Ra'ayina shi ne kada wani ya yanke wannan hukunci a madadinta tana kwance a kujera baki buɗe. A yi mata bayani a zaune: idan an cire, me za a tarar a ƙarƙashi, an rage haƙorin ne lokacin sawa ko ba a rage ba, akwai kogo a ɓoye ko babu, kuma za a iya mayar da shi bayan an gama? Idan hular ba ta zauna daidai ba, abinci kan maƙale a bakinta, ruɓa ta yi ta ci a ɓoye ba a sani ba. Sai hoto ke nuna wannan, kuma mai shago ba shi da na'urar hoto.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi jiharmu. Duk wanda ya san yankin Kaltungo ya san yadda ruwan rijiyoyi da burtsatse na wasu garuruwa ke ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima, har haƙoran yara su fito da dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace litar ruwan sha. Ba goro ba ne, ba kuma ƙazanta ba ce, kodayake nan cikin gari ba a rasa mai tsokana. Saboda wannan tsokana wasu kan je a lulluɓe musu haƙoran gaba da farin ciko. To irin wannan mutum idan ya zo sa waya, ƙarfen a kan lulluɓin zai zauna, kuma ranar cirewa yana iya tahowa da wani sashe. Ko ba a lulluɓe ba ma, ɓawon da fuloraid ya ɓata sosai ba ya riƙe gam kamar lafiyayye. Da an shawarce shi tun farko, da ya daidaita haƙoran tukuna, sannan ya yi lulluɓin sau ɗaya maimakon ya biya sau biyu.

Wani zai ce, ai talaka ba shi da kuɗin likita, shi ya sa yake zuwa inda ya fi araha. Gaskiya ne gyaran haƙori da waya yana da tsada, kuma ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa a Nijeriya, akasarinsu suna Legas da Abuja da wasu manyan birane. Amma wayar shago ba araha ba ce ta abu ɗaya, wani abu ne daban. Tana iya jan haƙora ba tare da tsari ba, ta tara datti a kan tsohon ciko, ta kumbura dasashi, garin neman gira a rasa ido. Duba baki kuwa bai kai kuɗin waya ba. A Gombe muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a kan hanyar Ashaka da Asibitin Ƙwararru na Jiha, duka suna da sashen haƙori. A can za a fara da abin da ya fi gaggawa, a cike kogo, a wanke dasashi, a canza cikon da ya tsufa, sannan a faɗa maka ko bakinka na buƙatar waya, da inda za ka samu mai yin ta.

Wani hanzari ba gudu ba: ina roƙon masu wushirya su yi tunani kafin su bari a rufe musu ita. A littattafan likitancin Turawa giɓi ce da ake gyarawa, a wurinmu kuwa tana cikin siffofin kyau, har marubutan soyayya ba sa gama siffanta jaruma ba su ambace ta ba. Idan ba ta hana ka tauna ko magana, ba cuta ba ce.

Abin da ya sa na kawo wannan magana mujallar ɗaliban harshe shi ne, rabin matsalar ta kalmomi ce. Ni ba da Hausa na buɗe baki ba, a unguwa da makaranta na koye ta, shi ya sa nake saurin lura da inda take da giɓi. Muna da fiƙa da turmi da dasashi da wushirya, amma duk aikin da likita ya yi a baki, mara lafiya “ciko” yake ce masa, ko “an sa mini haƙori”. Likita ya tambaya, “An taɓa yi miki aiki?” ta ce, “Ciko ne kawai,” alhali gada ce mai haƙora uku. A wannan rubutu na yi amfani da hula, gada da dashe don in rarrabe su. Hula da gada ina ganin za su zauna a bakin mutane. Dashe ne nake shakka, domin mai sauraro na iya ɗauka haƙorin wani aka ciro aka dasa masa kamar dashen ƙoda. Wataƙila “turken haƙori” ya fi, tunda turke kafa shi ake yi kuma ba ya motsi. Akwai kuma abin da ake sawa bayan an cire waya don kada haƙora su koma gidan jiya, wanda wasu kan kwana da shi shekara da shekaru. Na ji masu ce masa “roba”, amma roba ta yi yawa a bakin likita, har da ta jikin wayar. Ni “makari” na zaɓa, kuma ina jiran 'yan aji huɗu masu nazarin fassara su kawo wadda ta fi ta a fitowa ta gaba.