Allura da leza a garin ƙura

A wasu gidajen Dutsen Abba da Tudun Wadar Zariya, har yau akan tarar da faya-fayan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos a ƙasan akwati, gadon uba ko kaka. Wanda ya gaji irin wannan kaya yana cikin tsaka mai wuya. In ya ɗora faifai don ya ji waƙa, allura na cin sa kaɗan-kaɗan. In ya bar shi a akwati, waƙar ba ta amfani kowa ba. Allurar lu'ulu'u ta zamani tana danna tsagin faifai da nauyin kusan giram 2, kuma kowane ji yana ɗan goge bangon tsagin. Tsohuwar garmaho mai allurar ƙarfe kuwa ta fi ɓarna nesa ba kusa ba.

Wannan damuwa ce ta haifar da na'urar da ke karanta faifai da hasken leza. Kamfanin Finial na Amurka ya fara aikin a shekarun 1980, sannan kamfanin ELP na Japan ya kai ta kasuwa a shekarun 1990. Tana amfani da haske biyar: biyu suna bin gefen tsagi, biyu suna karanta sautin da ke bangonsa, ɗaya yana lura da tsayin faifan ko da ya ɗan lanƙwashe. Ba abin da ke taɓa faifai, don haka ba ya lalacewa. Abin da ya fi burgewa shi ne ana iya karkata hasken zuwa ɓangaren bangon da allura ba ta taɓa gogewa ba, sai tsohon faifai ya fito da murya garau.

Duk da haka, a Zariya allura ce ta dace, kuma dalilin ƙura ce. Allura tana ture ƙananan ƙwayoyin ƙura gefe yayin da take tafiya. Haske ba ya ture komai; duk ƙwayar da ya ci karo da ita sai ya mayar da ita ƙara, kalangun Shata ya cakuɗe da ƙas-ƙas. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke lulluɓe gari, faifan da aka wanke da safe kafin azahar ya sake yin buɗu-buɗu. Ga shi na'urar baƙin faifai kawai take karantawa, kuɗinta ya haura dala 10,000, in ta samu matsala kuma ba aikin mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ba ne.

Abin da ya fi wa magaji shi ne ya wanke faifai da kyau, ya sa sabuwar allura, ya daidaita nauyinta, ya ɗora sau ɗaya ya naɗi sautin a kwamfuta. Gogewar ji ɗaya ba ta kai a damu da ita ba. Daga nan sai ya jingine faifan a tsaye cikin rigarsa, nesa da zafin Maris da Afrilu da ke lanƙwasa roba.

Muhallin leza ɗakin adana tarihi ne mai tsabtatacciyar iska da tsayayyen lantarki. Cibiya irin Jami'ar Ahmadu Bello ko Arewa House ta Kaduna ce za ta iya ɗaukar nauyinta, domin faifan da ya rage shi kaɗai, wanda ba a yarda allura ta sake hawa kansa ba.