Inuwar dogon yaro ma haƙƙin matasan Maiduguri ce

Yaron da yake firamare lokacin da rikici ya ɓarke a Maiduguri cikin Yulin 2009, yau ya zama magidanci ko yana shirin zama. Ya tashi da dokar hana fita da shingayen bincike. Ya ga an hana hawa babur a 2011, an katse layukan waya a 2013, an shiga duhu na tsawon watanni bayan lalata turakun lantarki a hanyar Damaturu a 2021, sannan ambaliyar 2024 ta zo ta kwashe ɗan abin da ya tara. Ni ma ɗan wannan tsara ne. Duk taron da aka yi a kanmu, maganar aikin yi ce da jari da koyon sana'a, kuma gaskiya ne muna buƙatarsu. Amma akwai buƙatar da ba ta shiga lissafi: wurin da matashi zai zauna a sarari, ya sha iska, zuciyarsa ta sauka.

Iyayenmu ba su san wannan matsala ba, domin daji a buɗe yake gare su. Suna ba mu labarin zuwa madatsar Alau shan iska ranar hutu, da tafiya Baga su ga Tafkin Chadi da jiragen masunta. Sambisa gandun namun daji ne a zamaninsu, har da giwaye. Mu kuwa mun tashi sunan kaɗai yana sa gaba ya faɗi. Bayan kisan manoman shinkafa a Koshebe cikin Nuwambar 2020, wace uwa ce za ta bar ɗanta ya fita bayan gari don kawai yana son ganin fili? An raba mu da daji, abin da ya rage mana shi ne wanda ke cikin gari: bishiyoyin kan titi, gaɓar kogin Ngadda, da gidan namun daji na Sanda Kyarimi.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga yankin Indiya ne. An kawo shi Borno a 1928, ya karɓi ƙasarmu, har ya zama alamar garin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi ne ke raba mai tura baro da zafin rana. Ƙarƙashinsa ake majalisa, ake karatun allo, ake zaman makoki, ake ɗaurin aure. Waɗanda suka dasa shi sun daɗe da rasuwa, mu ne muke cin moriyarsa.

Na san amfanin wannan a jikina. Bayan na gama bautar ƙasa na dawo gida ba aiki, barci ya ƙaurace mini. Dare ya yi ina riƙe da waya, ina kallon hotunan tsarana da suka samu shiga, ina lissafin shekaruna. Wani dattijon unguwarmu mai lambu a bakin kogi wajen Gwange ya lura da ni, ya ce: "Ɗana, zo ka taya ni ban ruwa bayan la'asar." Na ce: "To, Baba." Ba nasiha ya yi mini ba, guga ya miƙo mini. Tsakanin kunyoyin alayyahu da yakuwa da albasa, ga balbela na bin shanu a ƙetare, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na ga magariba ta yi ban tuna da wayata ba. Aikin bai zo a lokacin ba, amma barci ya dawo, kuma da shi na samu ƙarfin ci gaba da nema. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan ba ra'ayina ne kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2016 wanda ya nuna cewa wuraren da ke da bishiyoyi da ciyayi a cikin birane suna rage damuwa, suna taimaka wa lafiyar ƙwaƙwalwa. Malamanmu kuma tun muna yara suke karantar da mu cewa duban halittun Allah da tunani a kansu ibada ce, dasa bishiya kuma sadaka ce muddin mutum ko tsuntsu yana amfana da ita. Wanda ciwon damuwa ya kama shi sosai, asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke hanyar Baga ne wurin zuwansa, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai asibiti ɗaya ba zai ɗauki gajiyar gari guda ba. Dubban matasa ba su kai ga kwanciya ba, ƙunci ne kawai ke cin su a hankali, kuma da yawa sun nemi sauƙinsa a wajen ƙwaya.

Wani zai ce mai neman na tuwo ina ruwansa da kallon tsuntsu. Ai shi ne ma ya fi kowa buƙata. Mai hali yana da na'urar sanyaya ɗaki da lambu a gidansa, idan abin ya ishe shi ya hau jirgi zuwa Abuja. Ɗan Bulumkutu ko Gamboru da ke kwana su shida a ɗaki ɗaya ba shi da inda ya wuce gindin bishiya. Wani kuma zai ce kogin da nake yabo shi ne ya cinye mu ranar 10 ga Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Haka ne, kuma ya taɓa yi a 1994. Amma mu duba yadda muka riƙe shi: mun mayar da gaɓarsa juji, mun toshe hanyarsa da leda da gini. Ambaliyar ta hallaka sama da kashi 80 cikin ɗari na dabbobin Sanda Kyarimi, wurin da kusan kowane ɗan garin nan ya fara ganin zaki da jimina ranar sallah.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin gwamnatin Borno ba. Duk titin da za a faɗaɗa, a sa dashen bishiya da rainonta cikin kwangilar, domin dashen ranar biki da ba mai ba shi ruwa asarar kuɗi ne. A hana sare tsofaffin bishiyoyi don gina shago ko yin gawayi, a kuma sauƙaƙa wa talaka samun gas, tunda tsadar makamashi ce ke tura shi ga gatari. A share gaɓar Ngadda, a ware wuraren zama masu tsaro da fitila. A farfaɗo da Sanda Kyarimi da kuɗin shiga da ɗalibi zai iya biya. A tuna da 'yan mata musamman, domin majalisar gindin bishiya ta maza ce, su kuwa ƙannenmu daga makaranta sai tsakar gida. Su ma suna buƙatar wuri mai mutunci da za su zauna da ƙawayensu.

Mu matasa kuma da namu rabon. Bulamomi da limamai su jagorance mu, kowane layi ya dasa nasa dogon yaron, a san wanda zai ba shi ruwa har ya kama. Dogon yaro ba ya buƙatar taki mai tsada, kariya daga awaki kawai yake so da ruwa a rani biyun farko. An gina mana gadoji da makarantu, mun gode. Garin da ya sha wuya kamar namu yana buƙatar mutane masu natsuwa da za su riƙe su, don haka inuwa ma ta cancanci layinta a kasafin kuɗin jiha.